Tarihin Koyon Sana'a a Bakin Aiki a Nguru da Gashuwa

Duk wanda ya je tashar jirgin ƙasa ta Nguru zai ga inda dogo ya ƙare. Layin da ya taso daga Kano, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, nan ya tsaya a shekarar 1930 bayan tafiyar kimanin kilomita 230, bai ƙara ko taku ɗaya zuwa gabas ba. Wannan tsayawar ce ta mai da Nguru matattarar kaya da mutane, ita ce kuma ta kawo wa yankin sababbin sana'o'in da kakanninmu ba su sani ba. Tun daga lokacin ake fama da tambaya guda, wadda har yau ba a gama amsa ta ba: a ina yaro zai koyi aikin da zai ci abinci da shi, a aji ko a bakin aiki, kuma wa zai ɗauki nauyin haɗa su biyun?

Kafin zuwan jirgi

Nguru tsohon gari ne na Mangawa, kuma a da nan ne mazaunin Galadiman Borno, wanda yake kula da yammacin daular. Gabas da shi akwai ƙasar Bade, wadda Lawan Babuje ya gina wa birnin Gogaram mai ganuwa a ƙarni na 19. Tsakanin ƙasashen biyu ruwa ne ke mulki. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna malala su cika fadamu da damina, kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Daga arewa kuma, ta wajen ƙasar Manga, ake kawo kanwa da gishiri. Sana'o'in mutane sun bi wannan shimfiɗar ƙasa: su, noman fadama, kiwo, jima da dukanci, ƙira, ginin tukwane, saƙar tabarma da faifai da kabar goriba, da fatauci.

A wancan zamani malamin sana'a shi ne kuma mai ba da aiki. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga. Zai daɗe yana riƙe da zugazugi yana kallon yadda ƙarfe ke sauya launi a wuta, kafin a yarda ya riƙe awartaki, sai daga baya a miƙa masa masaba. Ɗan masunci yakan koyi hawa gora da gyaran koma tun bai kai kaciya ba, ya san inda kifi ke kwana da lokacin da ruwa ke janyewa. Yarinya tana zaune kusa da uwarta za ta iya saƙa, ba tare da an taɓa ce mata yau ga darasi ba. Ubangida shi ke ciyar da yaro, ya tufatar da shi, ya hore shi, ranar da ya ga hannunsa ya faɗa kuma ya yaye shi da kayan aiki, sau da yawa har ya tsaya masa a aure. A sama akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Ruwa da Sarkin Fawa, masu tsare ƙa'idar sana'a da raba gardama.

Tsarin yana da ƙarfi, domin babu wanda ake yayewa ya fita neman aiki: cikin aikin ya girma. Yana kuma da rauninsa. Sana'a gado ce, baƙo ba ya shiga da sauƙi, wasu sirrin aiki sukan mutu tare da masu su, kuma abin da uba bai sani ba ɗa ba shi da inda zai koyo shi.

Zamanin dogo da gyaɗa

Da Turawa suka zo, su ma da farko ba su raba karatu da aikin hannu ba. A makarantar da Hans Vischer, wanda Hausawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, akwai sashen koyon sana'a inda gwanayen gari ke koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa da saƙa. Manyan ma'aikatun gwamnati kuwa, irin su hukumar jirgin ƙasa da ta ayyuka da ta safiyo da gidan waya, kowace ta riƙa horar da nata ma'aikata da kanta. Yaro zai shiga a matsayin ɗan koyo, ya yi wani lokaci a aji, ya yi mafi yawan lokacinsa a shagon gyara ƙarƙashin wani gwani, ana ba shi ɗan alawus, in ya ci jarrabawa kuma aikinsa na jiransa.

Isowar jirgi Nguru ta sauya garin cikin shekaru kaɗan. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da sikeli, Larabawa da Kwarori suka zo, 'yan Kudu suka cika Sabon Gari. Gyaɗa da auduga da ƙaro da fata da ƙirgi suka riƙa kwararowa daga Gashuwa da Gaidam da Machina, har daga ƙasar Nijar, ana loda su a tarago. Shanu ma haka, har aka kai ga kafa mayanka da ake aika nama Kudu daga nan. Gashuwa, wadda fadar Mai Bade ta koma cikinta daga Gogaram a 1946, ta zama babbar kasuwa a kan hanyar da ke ciyar da tashar Nguru.

Kowane buhu da ya isa tasha ya bi ta hannun masu sana'a. Manyan motoci suna bukatar direba da bakanike da mai faci. Sito yana bukatar magini da kafinta. Sikeli yana bukatar malamin awo da akawu. Ta nan aka samu sabon salon koyo da ya ɗauki rigar tsohon: yaron mota yakan yi shekaru yana sa weji da ɗaure kaya da wanke inji kafin maigidansa ya bar masa sitiyari, kamar dai yadda ɗan maƙeri ke jiran masaba. Bambancin shi ne, a gareji ba a tambayar gadon gidanku. Ɗan manomi da ɗan malami da almajirin da ya zo ci-rani duk suna iya durƙusawa su ce, “Maigida, na zo koyon aiki.” Ma'aikatun ayyuka na En'e su ma sun horar da kafintoci da magina da masu haƙa rijiya.

Sai dai manyan guraben fasaha, musamman a jirgin ƙasa, yawancinsu suna hannun 'yan Kudu ne, domin su suka riga samun makaranta. Wannan giɓi na cikin abin da ya sa gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta dage kan horar da 'yan ƙasa. An buɗe cibiyar fasaha ta Kaduna a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, aka kuma kafa makarantun koyon sana'a a larduna. Rikicin 1966 ya nuna zurfin giɓin ƙarara. Da dubban ma'aikata 'yan Gabas suka koma gida, tashoshi da shagunan gyara a faɗin Arewa suka wayi gari ba masu riƙe su, dole aka ɗora yaran da ba su gama koyo ba a kan ayyukan iyayen gidansu.

Da doka ta shigo

Bayan yaƙin basasa, kuɗin fetur ya shigo, masana'antu suka yawaita a Legas da Kano da Kaduna, masu su kuma suka fara kuka iri ɗaya: ɗaliban da makarantu ke yayewa sun san littafi, amma ba su taɓa riƙe injin da za a ba su ba. Don haka gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, a 1971, wanda hedikwatarsa take Jos. Ma'aikatu masu zaman kansu za su riƙa zuba wani kaso na albashin da suke biya, wanda ya horar da ma'aikatansa kuma a mayar masa da wani ɓangare. A 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, abin da ɗalibai suka fi sani da IT: ɗalibin injiniya ko noma ko fasaha zai bar aji ya je wata ma'aikata ya yi watanni yana aiki, yana rubuta abin da ya yi kullum a littafi, mai kula da shi a wurin yana sa hannu, malaminsa kuma yana zuwa dubiya. Ɗaliban kwalejojin fasaha sukan yi wata huɗu, na jami'a wata shida.

A 1977 aka kafa hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a Kaduna. Ƙarƙashin tsarinta, wanda ya gama ƙaramar difloma sai ya yi shekara guda a bakin aiki kafin ya koma neman babbar. Nauyin SIWES ya yi wa ITF yawa, ya janye a 1978, aka miƙa shirin ga hukumar jami'o'i da NBTE, sannan aka mayar masa da shi a 1984, gwamnatin tarayya tana biyan kuɗin. A 1982 kuma aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda ya ce kowane yaro a ƙaramar sakandare zai taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki.

Tunani ne mai kyau, kuma an aro shi daga inda ya yi aiki. A Jamus, inda dokar 1969 ta tsara shi, ɗan koyo yakan yi kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, sauran a makaranta, kamfanin na biyansa, ƙungiyar masu sana'ar kuma ita ke yi masa jarrabawa. Amma ginshiƙin tsarin duka shi ne a samu ma'aikatar da za ta karɓi yaro. A nan ne labarin Nguru da Gashuwa ya rabu da na Kano da Kaduna.

Shekarun da aka kafa waɗannan dokoki su ne shekarun da arzikin yankin ya fara zubewa. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da fari ya rage, noman gyaɗar sayarwa waje bai sake komawa yadda yake ba. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun rage ambaliyar da fadamu suka dogara da ita, daga baya kuma ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Kwalta ta ƙwace wa dogo kaya, jirgi ya riƙa zuwa jefi-jefi, kantunan kamfanoni suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kamfanin matsar mai na Nguru shi ma ya shiga halin tashi da faɗuwa. An ɗaura wa makaranta aure da masana'anta a daidai lokacin da ango ke tattara kayansa zai bar gari.

A cikin makarantu ma abin bai zo da sauƙi ba. Injinan koyarwa da aka sayo daga ƙasashen Gabashin Turai domin tsarin 6-3-3-4 sun isa makarantu da dama a faɗin ƙasar nan, amma da yawansu sun tsufa cikin akwatunansu, saboda babu wutar da za ta tashe su, babu ɗakin da za a girka su, babu malamin da ya san kansu. Yara suka riƙa zana zarto a allo suna haddace sunayen sassansa.

Abin da ya tsiro a fadama

Duk da haka koyon sana'a bai tsaya ba, wuri kawai ya sauya. A shekarun 1980 ƙananan injinan ban-ruwa masu aiki da fetur suka shigo fadamu suka maye gurbin jigo. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, noman rani ya bunƙasa a dausayin Haɗeja da Nguru, manoma suka rungumi alkama da shinkafa da tattasai da albasa. Kowane inji yana lalacewa, kuma manomin da shukarsa ke jin ƙishirwa ba zai jira a kai shi Kano ba. Haka aka samu masu gyaran injin ban-ruwa a kowace kasuwa, da masu haƙa tiyub-wel, da masu walda da ke ƙera ƙofofi da amalanke da injin casar shinkafa. Babu makarantar da ta yaye yawancinsu. Wani ya koya a wurin wani, shi ma ya tara nasa yaran.

Abu biyu a wannan zamani sun nuna cewa hukuma na iya haɗa hannu da irin waɗannan mutane. Na farko shi ne hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, wadda ta fara aiki a 1987 da shirin da ke kai matasa wurin masu sana'a na gari. Gwamnati ta amince cewa tela da bakanike malamai ne, tana biyansu ladan koyarwa, tana ba yaro alawus. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma ba kullum yake zuwa a kan kari ba, amma hanyar daidai take. Na biyu shi ne shirin raya yankin sahel na arewa maso gabas, NEAZDP, wanda Tarayyar Turai ta tallafa wa, ya fara a 1990 da hedikwata a Garin Alƙali kusa da Gashuwa. Shirin ya yi aiki da mutanen ƙauyuka kai tsaye a kan rijiyoyi da dashen itatuwa da shanun noma da ƙananan sana'o'i, ana koya wa mutum aiki a inda zai yi shi. Da Turai ta janye tallafinta a 1995 saboda takunkumin da aka sa wa gwamnatin soja, ƙarfin shirin ya ragu ƙwarai, amma hannuwan da ya horar sun ci gaba da cin abinci da abin da suka koya.

Bayan kafa Jihar Yobe

Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire Yobe daga Borno. Sabuwar jiha ta zo da nata makarantu: kwalejojin kimiyya da fasaha na sakandare, cibiyoyin koyon sana'a da ake kira BEST, Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Damaturu, da ta Mai Idris Alooma a Gaidam. Gashuwa tana da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, a 2013 kuma ta samu Jami'ar Tarayya. Nguru tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da kwalejin koyon aikin lafiya. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ita ke shirya jarrabawar kammala makarantun fasaha, a madadin takardun da a da ake nema daga Ingila.

Sai masifar Boko Haram ta faɗo, ta kuma sari makarantun sana'a a inda ya fi ciwo. A watan Satumba na 2013 aka kashe ɗalibai da dama a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba. Ranar 10 ga Nuwamba, 2014 bam ya tashi a taron safe na makarantar kimiyya da fasaha ta Potiskum, ya kashe fiye da mutum 40. Ranar 19 ga Fabrairu, 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta Dapchi, a kan hanyar Gashuwa zuwa Damaturu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Iyaye da yawa sun ji tsoron makarantun kwana, tafiya Maiduguri neman wurin IT ta zama kasada, Nguru da Gashuwa kuma suka karɓi 'yan gudun hijira. Marayu da yawa a shagunan ɗinki da garejoji suka samu mafaka da abin yi.

Wanda ya lura da garuruwan nan biyu a yau zai ga wani abu mai koyarwa. Ɗalibin kwalejin ilimi ba ya rasa inda zai yi gwajin koyarwa, domin makarantu na nan. Ɗalibin aikin lafiya ba ya rasa ɗakin majinyata da zai koyi aiki, domin asibiti na nan. Haɗin makaranta da wurin aiki bai taɓa yankewa a waɗannan fannoni ba. Amma ɗalibin injiniya ko lantarki yakan yi ta yawo da takardar neman gurbi. Mai hali ya tafi Kano ko Kaduna ko Abuja. Marar hali ya samu wani ofis a sakatariya, ya zauna wata huɗu, a sa masa hannu a littafi, ya koma makaranta hannunsa bai taɓa baƙin mai ba. A hanyarsa ta zuwa ofishin kullum yana wuce mai naɗin kwayil, da mai haɗa sola, da mai injin casa, waɗanda suka san abin da aka turo shi ya koya. Gyaran dokar ITF na 2011 ya taɓa ɗora biyan kashi 1 cikin 100 na albashi a kan duk mai ma'aikata biyar zuwa sama, amma shagon da ba shi da rajista ko littafin albashi ba ya cikin lissafin kowa, ko da yara goma ne ke koyo a cikinsa.

An fara gane wannan a wasu wurare. A Kaduna, NBTE da kwalejin fasaha ta garin sun shiga kasuwar Panteka suna gwada gwanayen da ba su yi boko ba, ana ba su takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa bisa abin da hannunsu ya iya. Babu abin da zai hana a yi haka a Nguru da Gashuwa. Ƙungiyoyin makanikai da teloli da masu walda suna nan da shugabanninsu, magadan Sarkin Maƙera na da. Makaranta tana da abin da gareji ba shi da shi: lissafi, karanta zane, ƙa'idar kare kai daga haɗari, da takardar da za ta kai yaro inda ba a san maigidansa ba. Gareji kuma yana da inji mai rai da mai kaya da ke tsaye yana jira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shekaru fiye da 50 ke nan makarantun fasaha na wannan yanki suna jiran babbar masana'anta ta zo ta karɓi 'ya'yansu. Muna fatan ta zo, muna fatan jirgi ya dawo da ƙarfinsa. Kafin nan, malamin da ya fita daga ofis da takardar ɗalibinsa a hannu, ya je ya yi sallama a bakin rumfar mai gyaran injin ban-ruwa, ya ce masa, “Malam, ga ɗanka na kawo maka,” ya koma kan hanyar da mutanen Nguru da Bade suka bi suka rayu tun kafin dogo ya iso.